Gwajin G6PD Kafin Fara Shan Dapson: Yadda Ake Yin Sa da Lokacin da Sakamakonsa Ke Yaudara

Idan likitan fata ya rubuta wa mara lafiya dapson, sannan ya ce kada ya haɗiyi ko ƙwaya ɗaya sai an ɗebi jininsa an ga sakamako, yawanci mara lafiyar yakan ga kamar ja masa rai ake yi, musamman idan ƙaiƙayi ya kwana biyu yana hana shi barci. Jinkirin yana da dalili mai ƙarfi. Akwai mutane kimanin miliyan 400 a duniya da aka haifa da ƙarancin wani inzayim mai suna G6PD a cikin jajayen ƙwayoyin jininsu, kuma mafi yawansu ba su san suna da shi ba, domin ba ya sa ciwo, ba ya hana aiki, ba ya rage tsawon rai. Yana nan kwance sai ranar da aka sha wani magani da jinin ba zai iya jurewa ba, sai ƙwayoyin su fara fashewa cikin kwana ɗaya zuwa uku. A cikin magungunan da likitocin fata ke bayarwa, dapson, wanda a jikin kwali ake rubuta shi Dapsone, shi ne kan gaba wajen haddasa wannan fashewar.

Abin da ya kamata a fahimta tukuna

Inzayim sinadari ne da jiki ke ƙerawa da kansa don gudanar da wani aiki na musamman. Aikin G6PD shi ne samar da abin da ke kare ƙwayar jini daga wasu sinadarai masu cin ta kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Sauran ƙwayoyin jiki suna da wasu hanyoyin samun wannan kariya, amma jar ƙwayar jini da wannan hanya ɗaya tak ta dogara, kuma tun da ba ta da cibiyar da za ta ƙera sabon inzayim, abin da ta fito da shi daga ɓargo da shi za ta yi ta lallaɓawa har ƙarshen rayuwarta ta kimanin kwana 120. A jinin mai lafiya, rabin inzayim ɗin yana ƙarewa ne bayan kimanin kwana 62, saboda haka ko tsohuwar ƙwaya tana da abin da zai ishe ta. A nau'in ƙarancin da ya fi yawa a Afirka, wanda ake kira A-, rabin yana ƙarewa cikin kimanin kwana 13, sai ya zama sabbin ƙwayoyi suna da kariya, tsofaffi kuwa sun zama fanko. A nau'in yankin Bahar Rum, hatta sabbin ƙwayoyin ba su da abin kirki, shi ya sa fashewar ta fi muni. Wannan bambanci tsakanin sabuwar ƙwaya da tsohuwa a riƙe shi da kyau, domin a kansa ne yawancin kurakuran gwajin suke faruwa.

Dapson idan ya shiga hanta, tana mayar da wani sashensa wani sinadari mai cin jajayen ƙwayoyi. Kusan duk wanda ke shan sa, ko da inzayim ɗinsa cikakke ne, jininsa yakan ɗan ragu, sau da yawa da giram 1 zuwa 2 a ma'aunin himogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jajayen ƙwayoyi. Wanda ba shi da kariyar kuwa, raguwar takan zo da sauri kuma da yawa, har ta kai ga ƙarin jini ko ta taɓa ƙoda. An daɗe ana cewa nau'in A- mai sauƙi ne, kuma wannan magana ta sa wasu sakaci. A shekarar 2008 an janye maganin zazzaɓin cizon sauro mai suna Lapdap, wanda ke ɗauke da dapson, bayan gwaje-gwaje sun nuna yadda yake fasa jinin yaran Afirka masu wannan ƙarancin. Tun daga nan babu mai hujjar cewa nau'in A- zai iya jure dapson ba tare da tsoro ba.

Mataki na farko: a tabbatar maganin yana cikin masu buƙatar gwajin

Ana ba da dapson na sha a cututtukan fata da dama: ƙuraje masu ruwa da tsananin ƙaiƙayi da ke da alaƙa da rashin jure sinadarin gulutin na alkama, wasu cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa ta tayar da bororo a fata, wani irin gyambo mai saurin ci, kumburin ƙananan jijiyoyin jini na fata, borin jinin da ya ƙi jin magungunan da aka saba, da kuma kuturta, inda tun farkon shekarun 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta haɗa shi da rifamfisin da kulofazimin. Duk inda dapson na sha ya shigo, gwajin ya wajaba kafin ƙwayar farko.

Dapson na shafawa, wanda ake ba masu ƙurajen fuska a ƙarfin kashi 5 ko 7.5 cikin 100, lamarinsa daban ne, domin abin da ke ratsa fata ya shiga jini kaɗan ne ƙwarai. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta cire sharaɗin yin gwajin kafin amfani da shi a shekarar 2008. Duk da haka wanda ya riga ya san yana da ƙarancin ya faɗa wa likita, kuma kada ya haɗa na shafawa da na sha. Sai kuma dangin salfa, irin su salfasalazin da salfafiridin, waɗanda akan koma musu idan dapson bai yiwu ba, alhali su ma suna iya taɓa jinin. Haidiroksikulorokwin da ake ba masu cutar lufus, wadda garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi jikin kansa, an daɗe ana yi masa wannan gwajin, amma binciken baya-bayan nan ya nuna haɗarinsa ƙanƙani ne a adadin da aka saba sha, saboda haka wasu likitocin suna yi, wasu sun daina, kuma duka biyun suna da madogara.

Mataki na biyu: tarihin da za a kai wa likita

Kafin a ɗebi jini akwai abubuwan da mara lafiya ne kaɗai ya san su, kuma idan bai faɗa ba likita ba shi da hanyar ganewa. Na farko, kuma mafi muhimmanci, shi ne ko an ƙara masa jini cikin watanni uku da suka wuce. Na biyu, ko ya taɓa ganin fitsarinsa ya yi duhu ko idonsa ya yi ɗorawa bayan shan wani magani, ko bayan zazzaɓi mai tsanani, ko bayan cin waken faba, wani irin wake mai faɗin ƙwaya. Na uku, ko shi ko wani ɗan'uwansa namiji ya yi shawara mai tsanani yana jariri har aka sa shi ƙarƙashin fitila ko aka canza masa jini. A tambayi uwa idan tana raye, a kuma bincika ɓangaren kawunnai, wato 'yan'uwan uwa maza, domin ta nan gadon ya fi bayyana.

Dalili kuwa shi ne ƙwayar gadon wannan inzayim tana kan kuromosom X, ɗaya daga cikin zaruruwan gado biyu da ke bambanta namiji da mace. Namiji guda ɗaya gare shi, daga uwarsa ya samo shi, saboda haka ko dai yana da ƙarancin sosai ko ba shi da ƙarancin sam. Uba mai ƙarancin ba ya ba 'ya'yansa maza, amma duk 'ya'yansa mata sai sun ɗauka. Mace tana da X biyu, kuma a kowace ƙwayar jikinta ɗaya ne ke aiki, ɗayan a kashe yake, ba tare da wani tsari ba. Don haka macen da ta gaji ƙarancin daga ɓangare ɗaya, jininta gauraye ne na ƙwayoyi masu kariya da marasa kariya, kuma rabon yana iya karkata ko'ina. Wata kusan lafiya lau take, wata kuwa daidai take da namiji mai ƙarancin. Maganar da ake yi cewa wannan matsalar maza ce kawai kuskure ne da ya cutar da mata da yawa.

Wani ruɗanin da ake yawan samu shi ne mutum ya ce, “Ai likita, na yi gwajin jinotayif, AA ne ni.” Wancan gwajin na sikila ne, yana duba irin himogulobin, kuma bai san komai ba game da G6PD. Mai AA yana iya kasancewa da ƙarancin, mai AS ko SS ma haka. Gwajin rukunin jini shi ma ba ya nuna shi.

A ƙarshe a lissafa duk magungunan da ake sha, har da na gargajiya da na ƙarin kuzari, a kuma ambaci ciwon zuciya, ciwon huhu, ciwon hanta ko na ƙoda, juna biyu da shayarwa, domin dapson yana shiga nono kuma yana iya fasa jinin jariri mai ƙarancin.

Mataki na uku: zaɓen irin gwajin da lokacinsa

A nan ne ya kamata a fi tsayawa. Gwajin iri uku ne. Akwai mai amsa da e ko a'a, wanda mafi shahara a cikinsa shi ne na ɗigon jini a takarda da ake haskawa da fitila ta musamman, wanda Ernest Beutler ya ƙirƙiro a shekarar 1966, shekara 10 bayan Paul Carson da abokan aikinsa a Shikago sun gano ƙarancin G6PD, a lokacin da suke binciken abin da ya sa maganin firimakwin ke fasa jinin wasu mutane. Wannan gwajin yana kama wanda aikin inzayim ɗinsa ya yi ƙasa da kimanin kashi 30 cikin 100, saboda haka ya dace da maza, amma macen da take tsakatsaki sai ya ce lafiyarta lau. Akwai kuma mai auna adadi, wanda ke ba da lamba, kuma shi ne ya kamata a nema wa duk wanda zai sha dapson, musamman mace. A da sai babban ɗakin gwaje-gwaje ke yin sa, yanzu kuwa akwai ƙananan na'urorin hannu da ke ba da lambar cikin 'yan mintuna daga ɗigon jinin yatsa. Na uku shi ne gwajin ƙwayar gado, wanda ba ya damuwa da ƙarin jini ko shekarun ƙwayoyi, amma yawanci nau'o'in da aka fi sani kawai yake nema, kuma a wajen mace ba ya faɗin inda rabon ƙwayoyinta ya karkata.

Game da lokaci, a tuna da maganar sabuwar ƙwaya da tsohuwa. A ɗauka wani mutum ya yi zazzaɓi mai zafi makonni biyu da suka wuce, ya sha magunguna, fitsarinsa ya yi duhu kwana biyu sannan ya washe. Abin da ya faru a jikinsa shi ne tsofaffin ƙwayoyin da ba su da inzayim sun fashe sun tafi, ɓargo kuma ya yi ta turo sabbi masu cike da shi. Idan aka ɗebi jininsa yau, na'ura za ta auna waɗanda suka tsira da waɗanda aka haifa jiya, ta ba da lamba mai kyau, likita ya rubuta dapson, bayan 'yan makonni ƙwayoyin su tsufa su fara fashewa. Haka wanda aka ƙara wa jini: abin da ake aunawa wani sashensa na wanda ya ba da jinin ne. A waɗannan halaye biyu, sakamakon da ya nuna ƙaranci abin yarda ne, wanda ya nuna lafiya kuwa sai an maimaita shi bayan kimanin watanni uku, ko a koma ga gwajin ƙwayar gado idan ciwon fatar ba zai jira ba. Shi ya sa likita mai lura yakan nemi ƙidayar sabbin jajayen ƙwayoyi tare da gwajin, domin idan sun yi yawa ya san lambar da ke gabansa ta kumbura.

Mataki na huɗu: ɗibar jinin

Wannan ba shi da wahala. Ba a buƙatar azumi, ana iya ci a sha kamar kullum. Ana ɗibar jini kaɗan daga jijiyar hannu a zuba a kwalba mai hana shi daskarewa, yawanci mai murfi ruwan shunayya. Abin lura ɗaya shi ne zafi yana lalata inzayim ɗin, don haka idan za a kai jinin wani wuri mai nisa a ajiye shi a sanyi, kada a daskarar, in ba haka ba sai mai lafiya ya fito kamar mai ƙaranci. A zama ɗaya a ɗebi na cikakkiyar ƙidayar jini, da na aikin hanta da na ƙoda, domin su ne ma'aunin da za a riƙa kwatantawa da shi bayan an fara magani.

Mataki na biyar: karanta sakamako

Lambar takan zo a matsayin yawan aikin inzayim a kowane giram na himogulobin, kuma kowane ɗakin gwaji yana da iyakarsa da yake bugawa a gefen takardar, saboda haka kada a kwatanta lambar wani wuri da iyakar wani. Abin da ya fi amfani shi ne a tambayi likita kashi nawa ne cikin 100 na mai cikakkiyar lafiya. Ƙasa da 30 ƙaranci ne bayyananne. Tsakanin 30 da 70, wasu kuma suna kai iyakar 80, shi ne tsakatsaki, kuma yawanci mata ne ke faɗawa nan. A ra'ayina mace mai sakamakon tsakatsaki ta ɗauki kanta a matsayin mai haɗari idan maganar dapson ake yi, domin lambar matsakaici ce ta ƙwayoyi iri biyu, kuma kason da ba shi da kariya zai fashe ko da ɗaya kason yana nan lafiya.

Mataki na shida: idan an samu ƙaranci

Ƙa'ida ita ce a bar dapson a nemi wani. Ya danganta da cutar, likita yana iya komawa ga man shafawa mai ƙarfi na sitiroyid, ko kolcisin, ko dangin tetirasaikilin, ko magungunan da ke danne garkuwar jiki. Mai ƙurajen da ke da alaƙa da gulutin, barin abincin da ke ɗauke da shi yana kwantar da cutar, sai dai yakan ɗauki watanni masu yawa. A kuturta akwai tsarin da ake bi ba tare da dapson ba. Akwai lokutan da ƙwararru ke gwada ɗan ƙaramin adadi ga mai ƙaranci mai sauƙi, suna auna jini kusan kullum, amma wannan hukunci ne na ƙwararre a wurin da ake iya ƙarin jini nan take, kuma mutum ba ya yanke wa kansa shi.

Sakamakon ya wuce maganar fata, domin har abada ne. A rubuta shi a katin asibiti, a ɗauki hotonsa a waya, a faɗa wa duk likita da mai ba da magani. Abubuwan da za a kiyaye sun haɗa da firimakwin da tafenokwin na zazzaɓin cizon sauro, naitirofurantoyin na ciwon mafitsara, rasburikes da ake ba wasu masu ciwon daji, metilin bulu, waken faba, ƙwallayen naftalin da ake sawa cikin tufafi don korar ƙwari, da lalle a jikin jarirai. Zazzaɓi mai tsanani shi kaɗai ma yana iya tayar da fashewar. 'Yan'uwa maza, 'ya'ya mata, da 'ya'yan 'yan'uwa mata su ma su yi gwajin.

Mataki na bakwai: idan sakamako ya yi kyau

Sakamako mai kyau ya kawar da haɗari ɗaya ne kawai daga cikin haɗurran dapson. Akan fara da ƙaramin adadi, sau da yawa miligiram 25 zuwa 50 a rana, a ƙara sannu a hankali. Takardar maganin ta Amurka ta ce a auna jini kowane mako a watan farko, kowane wata har watanni shida, sannan sau biyu a shekara, kuma likitocin fata da yawa suna matse tazarar zuwa mako bibbiyu a wata na biyu da na uku, domin a wannan tsakanin ne fararen ƙwayoyin jini ke iya faɗuwa warwas. Zazzaɓi da ciwon maƙogwaro ko gyambon baki a waɗannan watanni dalili ne na dakatar da maganin a je a auna jini a ranar.

Alamomin fashewar jini su ne fitsari mai duhu kamar baƙin shayi, ido ya yi ɗorawa, tafin hannu da cikin fatar ido su yi fari, kasala, bugun zuciya, haki daga ɗan tafiya, da ciwon baya ko ciki. Wanda ya ga haka ya daina shan maganin, ya sha ruwa sosai, ya tafi asibiti da kwalin a hannunsa. Wata matsalar ta daban ita ce dapson yana sauya himogulobin ya kasa ɗaukar iskar oksijin, sai leɓe da farce su yi shuɗi-shuɗi, kai ya yi ciwo, na'urar auna oksijin da ake maƙalawa a yatsa ta tsaya wajen kashi 85 cikin 100 ko da an sa wa mutum oksijin, jinin da aka ɗiba kuma ya fito ruwan ƙasa. Maganin gaggawa na wannan hali shi ne metilin bulu, wanda kuma haramun ne ga mai ƙarancin G6PD domin zai ƙara fasa jinin, sai dai a koma ga bitamin C ko canjin jini. Wannan ma wani dalili ne na sanin sakamakon tun kafin a shiga gaggawa. Akwai kuma borin jiki ga maganin da kan zo cikin makonni biyu zuwa takwas da zazzaɓi, ƙuraje, kaluluwa da kumburin hanta, da raunin hannu ko ƙafa ga waɗanda suka daɗe a kan adadi mai yawa. Mai ciwon suga ya sani cewa dapson yana sa gwajin HbA1c, wanda ke auna matsakaicin suga na 'yan watannin baya, ya nuna ƙasa da gaskiya, tun da ƙwayoyin ba sa daɗewa.

Ɗaya inzayim ɗin da likitan fata ke aunawa

Idan dapson bai yiwu ba aka koma ga azatiyofirin, wanda ake rubutawa Azathioprine kuma ake bayarwa a ciwon fata mai tsananin ƙaiƙayi na gado da cututtukan bororo, sai wani gwajin ya taso, na inzayim mai suna TPMT. Shi ne ke karya maganin a jiki, kuma gadonsa bai bambanta mace da namiji ba. Kimanin mutum 1 cikin 300 ba shi da shi kusan gaba ɗaya, kuma adadin da aka saba bayarwa yana iya durƙusar da ɓargonsa har ya daina ƙera jini. Kimanin 1 cikin 10 yana da rabi, shi kuma akan rage masa adadin. A mutanen gabashin Asiya wata ƙwayar gado mai suna NUDT15 ce ta fi haddasa wannan, don haka akan auna ta ita ma. Tun da a jajayen ƙwayoyi ake auna aikin TPMT, ƙarin jini na kwanan nan yana ɓata sakamakonsa kamar yadda yake ɓata na G6PD. Mai shan alofurinol saboda ciwon gaɓoɓi na gawut ya faɗa tun kafin a rubuta masa, domin alofurinol yana toshe ɗaya hanyar da jiki ke karya azatiyofirin, kuma idan dole sai an haɗa su, akan rage azatiyofirin zuwa kashi ɗaya cikin uku ko cikin huɗu na adadin da aka saba, a kuma riƙa auna jini kowane mako a farkon lamarin.